Ciwon emasi tsere ne da lokaci, kuma a Damagaram ya kamata a auna shi

A nan Faransa, tun ranar 1 ga Nuwamba 2024, duk jaririn da aka haifa ana ɗiga jinin diddigensa a kan takarda a duba ko yana da emasi, wato amosanin jini da ƴan uwanmu na Najeriya ke kira sikila. In an same shi da shi, kafin ya cika wata uku an sa shi kan penisilin, kafin ya wuce shekara biyu a fara auna gudun jini a jijiyoyin kansa. A gida Damagaram kuwa, sau da yawa kumburin hannu da ƙafa da kukan da ba ya tsayawa ne ke sanar da uwa. Za a ce ai kuɗi ne. Kuɗi na ciki, amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mun bar wa wasu binciken ciwon da ke cikin gidajenmu, alhali akwai tambayoyin da ba inda za a amsa su sai a wurinmu.

Tushen ciwon ƙarami ne ƙwarai. Hemogilobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, yana da sarƙa huɗu. Kowace sarƙa jerin ƙananan tubala ce da ake kira amino asid. A gurbi na 6 na sarƙar da ake kira beta, tubali mai suna balin ya maye gurbin wani mai suna gulutamat. Vernon Ingram ne ya gano haka a Ingila tsakanin 1956 da 1957, bayan Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa matsalar a furotin take. Gulutamat na shiri da ruwa, balin kuwa gudunsa yake. Da zarar hemogilobin ya sauke oksijin, sai wannan ɗan balin ya samu rami a jikin hemogilobin da ke maƙwabtaka da shi ya liƙe, wani ya liƙe a bayansa, har su tuƙe igiya mai zare 14, kaurinta wajen nanomita 21. Igiyoyin nan ne ke sandarar da ƙwaya su lanƙwasa ta kamar lauje.

Sai dai ba nan take igiyar ke fitowa ba, kuma ran marar lafiya a nan ya rataya. A 1974 William Eaton da James Hofrichter da abokin aikinsu a Amurka suka nuna akwai jinkiri: a cire oksijin, komai shiru, can sai daskarewa ta auko gaba ɗaya. Mai sayar da nono ta san irin wannan. Madara ba ta barci sai an sa mata iri, in kuwa ta kama, ta kama. Igiyar farko ce mai wuyar samuwa, amma tana samuwa sababbi ke tsirowa a gefenta. Ƙwayar jini na ratsa siraran jijiyoyi cikin kamar daƙiƙa ɗaya. In jinkirin ya fi haka tsawo, ta fita fili kafin ta sandare. In ya gaza, ta maƙale ta toshe hanya, ciwon ƙashi ya tashi.

Abin mamakin shi ne yadda jinkirin ya dogara da kaurin hemogilobin a cikin ƙwaya. Ƙwaya na ɗauke da kamar giram 33 zuwa 34 a desilita, alhali abin da ke iya zama a narke in babu oksijin bai fi wajen giram 17 ba. A rage kaurin da kashi 8 cikin 100 kacal, jinkirin ya ninka kamar sau goma. Zafin jiki kuma gajarta shi yake. To a ɗora wannan a kan Damagaram a watan Afrilu da Mayu, rana ta haura digiri 40, famfo ya yi kwanaki ba ɗigo, yaro na fama da gudawa ko masassarar sauro. In lokotoro ya ce wa uwa ta riƙa ba yaro ruwa, ta kuma gaggauta kai shi likita da zarar jiki ya yi zafi, wannan lissafin yake faɗi a taƙaice. Haka maganin hidiroksiyuriya ke aiki: yana ƙara hemogilobin irin na jarirai, wanda ba ya shiga igiyar, sai jinkiri ya tsawaita. An gwada shi kan yara a Angola da Kwango da Kenya da Uganda, sakamakon ya fito a 2019, ya rage tashin ciwo da ƙarin jini da mutuwa. Sharaɗinsa a riƙa ƙirga ƙwayoyin jini a kai a kai. Maganin gyaran ƙwayar gado da Amurka ta amince da shi a ƙarshen 2023 kuwa an sa masa farashin dala miliyan 2.2 mutum guda a lokacin.

Mu dawo labo. Gwajin Emmel, wanda ake cire wa ɗigon jini oksijin a duba ko ƙwayoyin za su lanƙwashe, da aka saba yi a wurinmu ba shi da laifi in an bi ƙa'idarsa. Giram 0.2 na sodiyam metabisulfit a mililita 10 na tataccen ruwa, a haɗa shi a ranar, domin in ya kwana ƙarfinsa ya tafi. Ɗigon jini, ɗigon magani, a rufe da ƙaramin gilashi ba tare da kumfar iska ba, a shafe gefuna huɗu da basilin. A duba bayan minti 30, a sake dubawa bayan awa ɗaya ko biyu, kuma a riƙa haɗawa da jinin da aka san AS ne (mai hemogilobin lafiyayye A da na emasi S) don a tabbatar maganin na da rai. Inda ake tuntuɓe sananne ne: gefe bai rufu ba iska ta shiga, ƙwayoyi suka ƙi lanƙwasa, aka ce wa mai S ba shi da komai. Ko bushewar hunturu ta yamutsa ƙwayoyin, sabon hannu ya ɗauka lauje ne. Jaririn da bai kai wata shida ba da wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku duk suna iya ruɗar gwajin. Babban abin kuma, Emmel ba ya raba AS, mai ɗauke da gadon kawai, da SS, mai ciwon, ba ya kuma ganin C, wani nau'in hemogilobin da kan jawo ciwon in ya haɗu da S. Bai kamata a ɗaura aure ko a fasa shi a kansa ba, sai an yi elektoroforez, gwajin da ke raba nau'o'in hemogilobin da lantarki.

Akwai kuma batun haske. Ɗan makamin nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin yana harba haske biyu, ja mai nanomita 660 da wanda ido ba ya gani mai 940, ya kwatanta yadda jini ya sha kowanne. Baƙin fata ma yana shan jan haske. Wani bincike na jami'ar Mishigan a 2020 ya samu cewa cikin awon da na'urar ta nuna 92 zuwa 96, kashi 11.7 na baƙar fata a gaskiya suna ƙasa da 88, na fararen fata kuwa kashi 3.6. Ga mai emasi abin ya ƙara rikicewa, don fashewar ƙwayoyi na ƙara nau'in hemogilobin da haske biyu ba sa iya tantancewa. Ƙara da baƙin lalle a yatsa, da hannu mai sanyi a asubar hunturu, da hasken rana mai kutsawa ta gefen makamin. Turai ba ta da wannan haɗin, don haka ba za ta auna mana shi ba.

Shi ya sa nake ganin malamanmu na Jami'ar André Salifou, na ɓangaren kimiyya da na lafiya, su ne suka fi cancanta da wannan aiki, tare da babbar likitar Zinder. A nan Faransa ana auna jinkirin da leza mai tsada, amma matakin farko bai buƙatar ta. Mikroskop mai kyau, faranti mai riƙe zafi a digiri 37, tukunyar iskar nitrojin don korar oksijin, kamara mai ɗaukar hoto duk ƴan daƙiƙu, da kwamfuta mai ƙirga ƙwayoyin da suka lanƙwashe. In aka gitta gilasan tace haske biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, igiyoyin kan haska a cikin duhu. Jini sabo ake so, a ajiye shi a firigo tsakanin digiri 2 da 8, don haka farantan sola da batir na gaba da komai a lissafi, tunda kuran na ɗaukewa. Tambayar farko a shirye take: a bi yara ɗaya, da yardar iyayensu, a auna saurin lanƙwasar ƙwayoyinsu a sanyin Janairu, a sake a zafin Mayu, a sake a Satumba lokacin masassara, masu shan hidiroksiyuriya da waɗanda ba sa sha.