Jarin tsofaffin batura: a fara daga ɗakin ajiya

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta ya zama sai mai hali, farantan sola kuma suka bazu a rufin gidaje da shaguna a Zariya, daga Samaru har Tudun Wada. Kowace sola tana da batirinta a kusurwar ɗaki, batir kuwa ba ya dawwama. Dogayen nan na dalma da ake zuba wa ruwa, in sun yi 'yan shekaru sai su daina riƙe caji. Na litiyom sun fi tsawon rai, amma su ma ranarsu tana nan tafe. Shi ya sa na fahimci masu cewa akwai arziki a kamfanonin sake sarrafa batir, kuma gara a shiga tun suna jarirai. Akwai arzikin. Inda na saɓa da su shi ne wurin da za a sa kuɗin.

A dubi abin da ya sami Li-Cycle, kamfanin sake sarrafa batir na Kanada. A 2021 ya shiga kasuwar hannun jari ta New York ana ta yi masa kirari. A watan Oktoban 2023 ya dakatar da ginin babbar masana'antarsa a Rochester saboda kuɗin aikin ya zarce lissafi, zuwa 2025 ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi, daga bisani kamfanin ma'adinai na Glencore ya saye kadarorinsa. A tsakanin nan farashin litiyom, wanda ya kai ƙololuwa a ƙarshen 2022, ya faɗi da sama da kashi 80 cikin 100. Wanda ya sayi hannun jari da wuri ya tashi a tutar babu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Redwood Materials, wanda JB Straubel, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Tesla, ya buɗe a Nevada a 2017, ya bi wata hanya. Ya fara ƙulla yarjejeniyar karɓar rarar kayan da ake zubarwa a masana'antar batir ta Panasonic da ke kusa da shi. Wato ya tabbatar da abin da injin zai ci kafin ya faɗaɗa injin. Darasin da ya fi shafar mu ke nan.

Akwai kuma abin da masu tallar jari ba su cika faɗa ba. Mafi yawan baturan litiyom na sola nau'in LFP ne, wato na litiyom da ƙarfe da fosfat, babu kobalt ko nikel a cikinsu, alhali waɗannan ma'adinan su ne ke biyan kuɗin sarrafawa a Turai da Amurka. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 da za ta tilasta sa wani kaso na ma'adinan da aka sake sarrafawa cikin sababbin batura daga 2031, don haka can kasuwa tana da tabbas. Mu nan ba mu da mai sayen dole.

Abin da muke da shi a hannu yau dalma ce, kuma cinikinta ya daɗe yana gudana. Duk wanda ya bi ta wajen 'yan gwangwan ya ga yadda ake yi: yaro ya kifa batir a bakin kwata, ruwan ya tsiyaye yana kumfa, a fasa kwandon da guduma, a zaro farantan da hannu ba safa, a ɗora a sikeli. Da hannun nan zai ci ƙosai anjima. Wannan ne yake hana ni barci game da harkar. Ba mu manta da Zamfara ba, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a 2010. A Ogijo ta jihar Ogun, masana'antun narka batir sun gurɓata ƙasa da jinin mazauna garin. Ribar da aka samu ta hanyar tsallake kuɗin matatar hayaƙi da kariyar ma'aikata, jinin 'ya'yan mutane ne, kuma duk wanda ya sa kuɗinsa yana da kaso a alhakin.

Saboda haka, in ɗan kasuwar Sabon Gari ya tambaye ni, zan ce ya nemi ƙaramin kamfanin da ke tara batura cikakku, ba a fasa ba, ba a zubar da ruwansu ba, yana da rufaffen ɗakin ajiya mai daɓen siminti, yana kuma da takardar yarjejeniya da masana'anta mai lasisi. Hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, ta fitar da ƙa'idojin kula da batura a 2024, kuma in aka matsa wajen aiki da su, masu tarawa ta halattacciyar hanya su ne za su riƙe kasuwa. Irin wannan kamfanin ne zai fara ganin baturan litiyom idan sun fara mutuwa, domin masu haɗa sola sun riga sun san lambarsa. Zariya tana da abin da wasu garuruwan ba su da shi: injiniyoyin Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT da ke Basawa, waɗanda za su iya gwada batir, su ware mai sauran rai a sake ɗaura shi ga mai cajin waya ko ƙaramin kemis.

Ribar ba za ta zo a wata uku ba. Wanda ya yi maka alƙawarin ninka kuɗi cikin makonni da sunan batir, ka tuna da CBEX, dandalin jarin bogi da ya ruguje da kuɗin mutane a 2025, ka duba ko yana da rajista da SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari. Sannan ka taka da ƙafarka zuwa wurin aikinsa, ka ce a nuna maka inda ruwan batir yake zuwa.