Watan da ba a haifa ba, wa ya gan shi?

Duk shekara sai an maimaita rigimar nan: Sarkin Musulmi ya ce a cika azumi talatin, wasu kuma su wayi gari a filin idi saboda an bugo musu waya daga wani ƙauye cewa an ga wata. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake ɗaukar shaidar "na gani" kamar ba ta da abin da zai iya ƙaryata ta.

Ku tuna ƙaramar Sallar 2024. Ranar Litinin 8 ga Afrilu aka yi husufin rana da aka gani a Meziko da Amurka da Kanada. Husufin rana kuwa ba ya faruwa sai wata ya shiga tsakanin rana da duniya, wato daidai lokacin da tsohon wata ke ƙarewa, sabo yake haihuwa. Wannan haɗuwar ta auku da misalin ƙarfe 7:21 na dare agogon Najeriya da Nijar, bayan rana ta riga ta faɗi a Sakkwato da Yamai. Amma da yammacin ranar aka samu masu rantsuwa sun ga jinjirin wata, har aka yi Sallah ranar Talata a Nijar da wasu unguwanni a Sakkwato. Me suka gani? Wataƙila wani tauraro, wataƙila siririn gajimare ko farin layin jirgin sama. Wata dai ba ya nan.

Daga haihuwar wata zuwa ta gaba kwana 29 ne da awa 12 da minti 44 a matsakaici, shi ya sa wata yake yin 29 ko 30, shekarar Hijira kuma take gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Jinjirin da bai kai awa 15 da haihuwa ba, ido ba ya kama shi, komai kaifinsa. Haka masu cewa "ai watan nan ya yi girma, na kwana biyu ne" su ma ba su da hujja: watan da aka haifa da daddare yakan kai kusan awa 24 ko fiye kafin a fara ganinsa, dole ya fito da kauri.

Masu cewa lissafi bidi'a ne, da agogo da jadawalin masallaci suke buɗa baki kullum, ban ga sun fita duban faɗuwar rana ba.

Ba na cewa a daina duban wata, hadisi ya ce a yi azumi da ganinsa. Amma kwamitin ganin wata na fadar Sarkin Musulmi ya riƙa sanar da lokacin haihuwar wata tun kafin ranar 29, a rediyo da Hausa, kuma duk shaidar da ta zo kafin wannan lokacin a mayar wa mai ita, ko da malamin wane ne ya turo shi.