Kafin A Ce Ciwon Zuciya Ne, A Auna Tayirod

A watan Mayun 1991 shugaban Amurka George Bush babba yana gudun motsa jiki sai numfashi ya gagare shi. A asibiti aka tarar bugun zuciyarsa ya rikice. Ba a jima ba gwajin jini ya nuna daga wuya matsalar ta taso: tayirod ɗinsa ce, halittar nan da in ta kumbura ake cewa maƙoƙo, take zubo sinadari fiye da kima.

Zuciya tana da wutar lantarkinta. Wani ɗan curi ne a ɗakin dama na sama yake kunna ta, sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana hutawa. Sinadarin tayirod da ake kira T3 in ya yi yawa sai ya hanzarta wannan curi, ya kuma sa zuciya saurin amsa kiran adirenalin, sinadarin da jiki ke saki in an firgita. Shi ya sa za ka ga mutum a kwance, bai ɗaga ko tsinke ba, bugunsa ya haura 100.

Wannan ma da sauƙi. Bayan kowane bugu tsokar zuciya tana ɗan hutawa kafin ta sake karɓar wuta, T3 kuwa yana gajarta hutun a ɗakunan sama. Sai wutar ta bar hanyarta ta shiga kewaye, ɗakunan su daina matsewa su koma karkarwa. Ɗora yatsa a hannun mai wannan, za ka ji bugu uku a guje, a yi jim, sannan biyu. Jini ya kwanta a lungu ya daskare, gudan ya haura ƙwaƙwalwa, sai a ji wane ɓarin jikinsa ya shanye.

A ganina sakaci ne a ga irin wannan a takardar ECG, wato gwajin wutar zuciya, a tsaya nan. Takardar rikicin take nunawa, ba ta faɗin mai haddasa shi. Matashiya mai rama, gumi da rawar hannu akan sallame ta da cewa damuwa ce. Tsofaffi sun fi shiga haɗari, don sau da yawa ba su da waɗannan alamu, sai kasala kawai. Binciken garin Framingham na Amurka da aka wallafa a 1994 ya nuna 'yan shekara 60 zuwa sama masu ƙarancin TSH sosai (sinadarin da ke raguwa a jini in tayirod ta wuce kima) sun ninka sauran kusan sau uku wajen kamuwa da karkarwar cikin shekara 10.

Wani zai ce mafi yawan waɗanda za a auna lafiya lau za a samu tayirod ɗinsu. Haka ne. Amma ɗibar jini ce sau ɗaya, kuma wannan na cikin 'yan dalilan da ke warkewa. Maganin propranolol yana lafar da bugun, carbimazole yana rage sinadarin daga tushe, kuma fiye da rabin marasa lafiyar bugunsu yana daidaita da kansa cikin 'yan watanni bayan tayirod ta dawo hayyacinta.