Ɗan Boko Ya Kawo Ajayil Shagon Ɗinki

Saura sati uku sallah, shago ya cika da shadda har bakin ƙofa.

Ɗan Boko: Kawu wallahi kos ɗin nan da na je ya buɗe min ido, abin da shagon nan yake buƙata kawai ajayil ne.

Alhaji: Aljani? Ai an ɗaure su, azumi ake.

Ɗan Boko: Ajayil Kawu, tsarin aiki ne. Wasu masu haɗa manhajar kwamfuta su 17 ne suka taru a Snowbird can jihar Utah ta Amurka a 2001, suka ce sun gaji da aikin da za a shekara ana tsara shi a takarda, ran da aka kai wa mai shi ya ce ni ba haka na ce ba. Shi ne suka ce a dinga gutsura aikin, kamar sati bibbiyu, sunansa sifirin, in ya ƙare a nuna wa kwastoma abin da aka gama ya gani ya yi gyara.

Tela: To madalla, bari in kai wa Hajiya hannun riga ɗaya ta fara sawa.

Ɗan Boko: Haba Oga, abin da zai sawu ake nufi, ko zani ne ka gama shi tsaf. Sannan kullum da safe akwai mitin na minti 15, a tsaye ake yi don kar wani ya ja surutu.

Alhaji: Ni da shagona, ni na sayi bencin, kuma in tsaya? Da wannan gwiwar tawa?

Ɗan Boko: Tambaya uku ce fa kacal. Oga me ka yi jiya, me za ka yi yau, me ya tare maka hanya?

Tela: Jiya an ɗauke wuta. Yau ina jira a kawo. Wanda ya tare min hanya kuwa ga shi nan tsaye riƙe da alƙalamin allo.

Ɗan Boko: Bari dai. Kun ga allon nan, kanban kenan, daga kamfanin Toyota na Japan aka samo shi.

Alhaji: Yauwa, in dai Toyota ne na yarda, kayansu ba ya mutuwa.

Ɗan Boko: Gida uku ne, za a yi, ana kai, an gama. Sharaɗin shi ne kar gidan ana kai ya cika, mu sa uku, sai ka gama ɗaya ka ɗauko wani. Oga nawa ne a hannunka yanzu?

Tela: Arba'in da biyu.

Ɗan Boko: Innalillahi! Duk ka yanka?

Tela: Yaro man kaza. Shaddar da ba a sa wa almakashi ba ai mai ita zuwa yake ya ɗauke abarsa ya kai gaba.

Ɗan Boko: Kuma ajayil ya ce a yi maraba da canji ko da aiki ya yi nisa.

Tela: Su waɗancan 17 ɗin an taɓa turo musu sabon sitayil ta WhatsApp daren sallah bayan sun yanka wuya?

Alhaji: Kai ku dakata. Babbar rigata da na bayar tun sallar layya, tana wane gida?

Ɗan Boko: Ba ta hau allo ba Kawu, tana baklog, wato layin jira.

Alhaji: Kai Tela, yaushe? Kar ka kuskura ka ce min gobe.

Tela: Haba ranka ya daɗe, ai mun waye, an daina gobe. Sifirin mai zuwa in sha Allahu.