Laburaren jami'a ne ya dace ya buɗe binciken da jama'a suka biya kuɗinsa

Kowace shekara jami'o'in Najeriya da Nijar suna yaye ɗimbin ɗalibai masu digiri na biyu da na uku, kuma ba a sallamar ɗayansu sai ya miƙa kundin bincikensa an yi masa bango mai kauri. Mafi yawan kundayen nan a kan kanta suke ƙarewa, a ofishin sashe ko a wani lungu na laburare, alhali a cikinsu akwai nazarin cututtukan tumatir da gero, da mace-macen mata wajen haihuwa, da tarihin masarautu, da karin harshen Sakkwato da na Damagaram. Malamin gona a Haɗeja ko likita a Maraɗi, wanda aikin zai fi yi wa amfani, bai ma san an yi shi ba. Da kuɗin jama'a aka gina ɗakunan gwaji, da su ake biyan malaman da suka duba aikin, saboda haka rufe sakamakonsa tauye haƙƙi ne, ko da ba da gangan aka yi ba.

Maƙalun da ake bugawa a manyan mujallun duniya kuwa nasu shingen na kuɗi ne. Mai bincike yana miƙa maƙalarsa kyauta, takwarorinsa masana su tantance ta kyauta, sannan kamfanin buga mujallar ya sayar wa laburaren jami'ar da dala, kamar manomin da ya kai amfanin gonarsa ga ɗan kasuwa ba ko sisi, ya dawo da bazara yana sayen tiya da tsada. Kamfanin Elsevier, mafi girma a wannan harka, ya daɗe yana samun ribar da ta haura kashi 30 cikin ɗari. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dalar da ake saya ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 cikin shekarar da ta biyo baya, don haka kasafin da laburare ke biyan kuɗin mujallu da shi ya zaizaye tun kafin a taɓa shi.

Masana sun daɗe suna neman mafita. A 1991 Paul Ginsparg ya kafa rumbun arXiv inda masana kimiyyar lissafi da fiziks ke ajiye maƙalunsu kowa ya karanta, kuma a 2002 sanarwar Budapest ta shata hanyoyi biyu: marubuci ya ajiye kwafin aikinsa a buɗaɗɗen rumbu, ko a kafa mujallun da ba sa karɓar kuɗi daga mai karatu. Jami'ar California ta yanke hulɗa da Elsevier a 2019, ba ta koma ba sai a 2021 bayan an amince da sababbin sharuɗɗa. Ta iya yin haka ne domin babbar mai ciniki ce wadda ake jin tsoron rasawa, matsayin da babu wata jami'a tamu da take da shi ita kaɗai.

Abin da ya fi damuna shi ne salon da buɗewar ta ɗauka a hannun manyan kamfanoni. Sun amince mai karatu ya daina biya, amma sun ɗora kuɗin a kan marubuci. A 2021 mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a kan maƙala ɗaya da za a bar kowa ya karanta, kuɗin da ya zarce albashin shekara na mafi yawan malaman jami'a a Najeriya. An gudu ba a tsira ba: wanda a da ya kasa karantawa, yanzu ya kasa bugawa. Gaskiya ne akwai ragi da yafewa ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, akwai kuma shirin Research4Life mai ba irin waɗannan ƙasashe damar karanta mujallu kyauta ko da rahusa, wanda ya faro da shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002, kuma ya taimaki likitocinmu ƙwarai. Sai dai alfarma ce da mai ita ke iya janyewa, kamar yadda aka gani a farkon 2011 lokacin da wasu kamfanoni suka cire mujallunsu daga abin da Bangladesh ke samu kyauta. A gefe guda kuma mujallun bogi sun cika intanet, suna karɓar kuɗi su buga komai cikin 'yan kwanaki ba tantancewa, kuma malamin da ƙarin girmansa ya rataya a kan yawan maƙalu shi ne abincinsu.

A ganina, a nan ne aikin laburare ya wuce sayen littattafai da tsaron ƙofa. Manhajar DSpace, wadda jami'ar MIT da kamfanin HP suka fitar a 2002, kyauta ce, kuma da ita jami'o'i da dama suka kafa rumbunsu, ciki har da Jami'ar Ahmadu Bello, inda Laburaren Kashim Ibrahim ya sanya kundaye masu yawa a intanet. Abin da ke kashe irin waɗannan rumbuna a wurare da dama shi ne rashin doka da rashin kula: a buɗe da biki, wuta ta ɗauke, na'ura ta lalace, ma'aikacin da aka horar ya bar aiki, shafin ya mutu. Majalisar kowace jami'a tana da ikon zartar da cewa ba za a ba da shaidar babban digiri ba sai an miƙa kwafin kwamfuta ga laburare, kuma ba za a ƙirga maƙala wajen ƙarin girma ba sai an ajiye kwafinta a rumbu. Jami'ar Liège ta Beljiyam ta ɗaure ajiya da tantance malamai, rumbunta kuwa ya cika.

Na san hujjar masu ƙi, cewa idan aka buɗe kundaye ɗalibai za su kwafe su. Satar fasaha ta fi samun mafaka a cikin duhu, domin kundin da ke kan kanta a Zariya ana iya sauya masa bango a miƙa shi a wata jami'ar ba wanda zai gane, amma wanda ke intanet da sunan mai shi da shekararsa manhajar bincike za ta tona asirin ɓarawonsa cikin minti. Ina kuma zargin cewa wani ɓangare na tsoron na masu duba aiki ne da ba sa so a ga abin da suka sa wa hannu, kuma wannan dalili ne na buɗewa.

Mataki na gaba shi ne laburare ya zama mai buga mujallu. Brazil ta nuna hanya da SciELO, dandalin intanet na mujallun da ake karantawa kyauta, tun ƙarshen shekarun 1990, inda hukumomin bincike ke ɗaukar nauyi, a Afirka kuma akwai AJOL, dandalin da ke tattara mujallun nahiyar a intanet, da aka fara a 1998, wanda mujallun Najeriya suka fi na kowace ƙasa yawa a cikinsa. Mujallun sassan jami'o'inmu, har da masu buga nazarin harshe da adabi da Hausa, waɗanda babu kamfanin waje da zai waiwaye su, ana buga 'yan kwafi ne a raba wa waɗanda suka yi rubutu a ciki. Manhajar OJS ta gudanar da mujalla kyauta ce. Abin da ake buƙata shi ne ma'aikata ƙwararru, da wuta, da lambar shaida ta dindindin ga kowace maƙala. Asusun tallafa wa manyan makarantun Najeriya, TETFund, wanda ke samun kuɗinsa daga harajin kamfanoni, yana da kason bunƙasa laburare da na tallafa wa mujallu, kuma yana iya sharɗanta cewa duk binciken da ya biya sai an buɗe shi. Hukumar kula da jami'o'in Najeriya (NUC) ita ma, idan ta zo tantance kwasa-kwasai, ta riƙa buɗe rumbun jami'a a gaban shugabanninta ta ƙirga kundayen shekarar da ta gabata da aka shigar, kafin ta ba laburaren maki.