Agogon da tsohuwa ta kasa zanawa

Ranar Talata na raka wata tsohuwa Baturiya asibitin masu ciwon mantuwa a nan Ingila, da yake kula da tsofaffi ne aikina. Ɗaki fes, kujeru masu laushi, ga kwalin tishu a kan tebur, ma'aikaciyar jinya sai murmushi take yi. Aka tambaye ta kwanan wata. Aka ce ta riƙa cire bakwai-bakwai daga ɗari. Aka ba ta kalmomi biyar ta riƙe. Sannan aka miƙa mata biro ta zana agogo, ƙarfe sha ɗaya da minti goma. Baiwar Allah ta yi da'ira, ta cunkushe lambobin duka a gefe guda, hannunta na rawa. Aka haɗa maki bisa 30, aka ga bai ragu sosai ba tun awon wata shida baya, aka ce maganin donepezil yana aiki, a ci gaba.

Ni kuwa raina ya sosu. Wata uku ke nan da ta daina tambayar ɗanta, don shi ma ya ɗauke ƙafa. Babu gurbin wannan a takardar.

Ba raina musu nake yi ba, awo suke yi tsakani da Allah. Sabon maganin nan lecanemab an gwada shi a kan mutum 1,795 tsawon wata 18, ya rage saurin cutar da kashi 27 cikin ɗari, wato ƙasa da rabin maki a ma'auni mai maki 18. A 2024 hukumar NICE, mai tantance magungunan da asibitocin gwamnatin Ingila za su bayar, ta ce amfanin bai kai kuɗinsa ba. Mu kuwa a ƙasar Hausa sai a ce gigin tsufa ne, wata ma a laƙaba mata maita. Wannan kam abin kunya ne.

Amma wa ya kai mu lura? Mu ne muke gane ranar da tsohuwa ta fara rikicewa a raka'a, ranar da ta zuba gishiri sau biyu a miya, ranar da ta kasa kawo sunan jikan da ta goya. Ba sai an jira wata shida ba, tabarma ɗaya ake zama.

Juma'ar da ta wuce na kira Inna ta WhatsApp, ta ƙura mini ido, ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu. Yayata ta karɓe wayar, ta ce tun bayan babbar salla take haka, ba su so su tayar mini da hankali ba ne. Ni kuma ina nan ina ba uwar wani abinci a baki.