Gwiwa Mai Gaisuwa

Tsawona mita ɗaya da santimita 98, kuma mafi yawansa a ƙafa yake. An ce kakana na wajen uwa na gado, mutumin da har ya koma ga Allah bai taɓa shiga ɗaki ba sai da ruku'u. A Maraɗi kowa Dogo yake ce mini, sunan yanka ya rage a takardun aiki kawai. Tela in ya hango ni tafe, tun ban yi sallama ba ya ƙara yadi a lissafi.

Baburan da suka cika garin nan, su Kasea da Boxer da Haojue, ba su taɓa takura ni ba, don kujerarsu doguwa ce shimfiɗaɗɗiya, in gaba ya yi maka kaɗan sai ka ja baya. Damuwata da su ɗaya ce: duk inda ka tsaya sai an ɗago maka hannu. Ni kuwa malamin makaranta ne mai gemu da iyali. Wata rana uwar wani ɗalibina ta tare ni a bakin babbar kasuwa, ta haye da ƙullin kayan miya ta ce Bagalam. Sai da muka isa ƙofar gidanta ta dubi fuskata ta yi salati. Kunya ta sa ta miƙo mini kuɗin kabu-kabu duk da haka. Na karɓa, don mai bai san malami ba, amma tun ranar na ƙudura sai na mallaki babur ɗin da ko makaho ba zai tsayar ba.

Haka na faɗa hannun wani dillali da ke da Honda Rebel 250, ɗan Kwatano, wanda ya ce ya shigo tun kafin a rufe iyakar Benin a 2023. Baƙi ne, mai ƙyalli, kansa ya lanƙwaso baya, tayar gaba inci 18, ta baya inci 15 mai kauri. Injinsa silinda biyu ne, 234cc, giya biyar. Tun 1985 Honda ta fara ƙera irinsa, kuma a Amurka makarantun koyon tuƙi sun daɗe suna koya wa sababbin hannu da shi, saboda kujerarsa santimita 67 da rabi ce kacal daga ƙasa. An yi shi ne don kada ƙafar kowa ta kasa taɓa ƙasa. Tawa ta taɓa har da ragowa mai yawa.

"Hau ka ji, Malam," in ji dillali. "Wanga ba hawanshi ake ba, zama ake cikinshi."

Na zauna, na miƙe ƙafafuna gaba bisa yashi, na kama kan babur, tanki na sheƙi a gabana. Dillali ya ja da baya ya rantse cewa don ni aka ƙera shi. Aka yi ciniki, aka yi addu'a. A duk zaman nan ba wanda ya kawo zancen cewa babur ba ya tafiya sai an ɗauke ƙafa daga ƙasa an ɗora ta bisa matakai. Da na ɗora, gwiwoyina suka tashi suka wuce tanki suka zo daidai da hannuwana. Wani yaron shago ya raɗa wa ɗan'uwansa, amma na ji: "Fara ta hau babur." Duk wanda ya taɓa sayen soyayyar fara a garin nan ya san inda gwiwarta take. Ban tanka ba, na sa giya na fita da sauran mutuncina.

Tafiya a miƙe lafiya lau. Kwana ce fitina. In za ka yi hagu, hannun babur na hagu yakan dawo wajen jikinka, a nan yake cin karo da gwiwata, kuma a daidai wurin maɓallin oda yake. Duk kwanar hagu sai oda ta tashi. Hanyata daga makaranta zuwa gida kuwa kusan duk hagu ce. Kafin wani lokaci unguwa ta ɗauka na zama mutum mai yawan gaisuwa. Mai shayi ya ɗago hannu, mai faci ya ɗago hannu, masu zaman dara su amsa gaba ɗaya. Akwai wani dattijo a kwanar layinmu da muka daɗe ba ma ga-maciji kan zancen magudanar ruwa. Rannan sai ga shi har gida bayan magariba, ya ce tun da kullum ina gaishe shi ban taɓa fashi ba, shi ma ya yafe duniya da lahira. Na karɓi sulhun da hannu biyu.

A ɓangaren dama na koyi buɗe gwiwa waje tun kafin in isa kwana. Masu adaidaita da ke bina suka daina duban fitilar sigina, gwiwa suke duba.

A fada, bakin shayi, kowa ya zama injiniya. Amma wanda ya fi ƙona mini rai taubashina ne, ɗan kawuna, gajere ƙwarai. Ya karɓi makulli ya zagaya wajen filin kokowa na Kantu ya dawo, kuma wallahi ko ni na ga sun dace. Daga nan ya mayar da aro farilla. "Dogo, kawo makulli in hutar da shi, kai azaba kake ba shi." Har ya taya shi rabin kuɗi, wai taimakona zai yi. Wannan tayin ne ya sa na ce ko da albashin shekara sai babur ɗin nan ya zama daidai da ni.

Na fara da kujera. Wani mai ɗinkin kujerun mota kusa da tasha ya feɗe ta, ya yanke tudun da ke tare ƙugun mai tuƙi daga baya, ya ƙara soso kaurin yatsu huɗu. Na hau sama, na ja baya, gwiwa ta ɗan sauka. Sai dai wurin da na ja na shiga, wurin uwargida ne. Ta fito ta duba abin da ya rage, ta auna da hannu, bai kai taƙi ɗaya ba.

"Malam, nan ne nawa?"

Na ce na wucin gadi ne. Ba ta ƙara magana ba. Tun ranar duk biki da suna da gaisuwar mara lafiya a adaidaita ake zuwa, daga aljihuna, kuma na lura dangi sun ƙaru. Soson ma da Afrilu ya zo, zafi ya haura digiri 40, sai ya lotse ya mayar da ni inda na fito. Aka sake da mai tauri.

Na biyu kan babur. Bakanikena ya sa aka yanko guntayen ƙarfe biyu masu tsawon santimita biyar, aka ɗaga kan bisa su da dogayen noti. A tsaye abin gwanin kyau, hannu ya wuce saman gwiwa bai taɓa ta ba. Abin da ya rage shi ne wayar totur da wayar kuloc da tiyon man birkin gaba, duk kamfani ya yanke su daidai da tsayin farko. In ka ɗaga kan, sun miƙe tsaf, in ka karya shi har ƙarshe sai wayar totur ta ja kanta. Na gano haka ne a ƙofar makaranta da safe, yara na cikin layi. Na karya kan zan shiga, injin ya yi ruri ba da izinina ba, ya ɗauke ni ya nufi gindin bedi. Na tsaya da ƙafa biyu ina jan ƙasa, ƙura ta tashi, hula ta yi nata wuri. Yaran nan, Allah ya yi musu albarka, suka haɗa baki suka ce, "Bonjur, Mushe!"

Kayan Rebel ba a samunsu a kasuwar nan yadda ake samun na sauran babura. Bakanike ya samo wayoyin adaidaita, waɗanda dogaye ne, ya yanke daidai ya ɗaure bakinsu da dalma, tiyon birki kuma aka nemo mai tsawo aka sake zuba mai. Oda ta yi shiru. Ba a daɗe ba dattijon nan ya aiko jikansa ya tambaya ko ya yi mini wani laifi ne. Yanzu da yatsa nake danna masa, safe da yamma.

Babban aikin shi ne matakai. A ƙasashen da irin wannan babur ya yi yawa, akwai kayan da ake sayarwa a haɗe don tura su gaba. Mu nan mai walda ne da faifan ƙarfe. Kuma ba matakin kaɗai ake turawa ba, dole sandar giya ta hagu da ta birkin baya ta dama su bi shi, a ƙara tsawon ƙarafan da ke haɗa su da inji da kuma tayar baya. Mai waldan ya sa na zauna na miƙe ƙafa inda ta ji daɗi, ya auna da karan dawa, sannan ya ce ba zai yiwu ba, don inda ƙafata ke so tayar gaba ta riga ta zauna. Takalmina lamba 47 ne. Muka yi ta ja-in-ja, ni da shi da tayar, aka tsaya kan santimita 12.

Ƙarfen giya na farko siriri ne, in na taka sai ya lanƙwashe maimakon ya tura. Sai in tsaya ina neman firi, daga giya ɗaya in faɗa biyu, daga biyu in koma ɗaya, na baya suna ta oda, ba ta gaisuwa ba. Aka sake da mai kauri. Na birki kuwa ban yarda an yi masa ƙari da walda ba. Na ce a samo sanda guda cikakkiya a yanka mata zare, na tsaya a kansa har aka ɗaura aka gwada. Giya in ta ƙi, kunya za ka ji. Birki in ya ƙi, wasu ne za su zo yi wa iyalinka gaisuwa.

Ranar hutu na kama hanyar Madarumfa, kilomita ashirin da 'yan kai kudu da gari, don in gwada. Da farko har waƙa na yi. Tun da na sayi babur ɗin nan gwiwoyina ba su taɓa miƙewa haka ba. Sai ramin farko ya zo. Duk mai hawa babur ya san in ya ga rami yakan ɗan ɗaga jiki bisa matakai, ƙafa ta sha bugun. Wanda ƙafarsa ke can gaba ba shi da abin takawa ya ɗaga, zaune zai karɓa. Shokan baya kuma gajeru ne, an yi su don titi mai santsi da mutum mara nauyi. Kowane rami daga taya sai ƙashin bayana, ba mai shiga tsakani. Iska ma ta samu ƙofa, ta shiga ta ƙafar wando ta cika shi tam, har wani mai amalanke ya tsayar da shanunsa yana kallo. Kusa da tafki na shiga yashi, tayar gaba ta fara rawa, kafin in dawo da ƙafa daga inda na aike ta har na kwanta. Ranar Litinin a tsaye na koyar da darasi tun safe har tashi, yara na ta mamakin ƙwazon Mushe.

Saboda haka aka sa shoka masu ɗan tsawo, aka sake daidaita sarƙa. Baya ya ɗagu, ramuka suka yi sauƙi. Ƙafar jingine babur kuwa tana nan yadda take, babur ya yi tsawo ita ba ta yi ba, don haka in an jingine shi sai ya karkata fiye da kima. Da Sallah na je Tibiri gaida surukai. Na jingine shi a ƙofar gida bisa yashi, na cire takalmi, na durƙusa gaban Baba. Ina cikin "mun same ku lafiya" sai muka ji rim! Baba ya leƙa ya ce, "Ɗana, abin hawanka ma ya kwanta gaisuwa." Madubi ɗaya ya tafi. Yanzu ina yawo da guntun katako ɗaure da igiya, duk inda na tsaya in jefa shi ƙarƙashin ƙafar.

Taubashina ya yi tafiya Yamai lokacin da ake yawancin aikin nan. Da ya dawo ko gida bai huta ba ya zo karɓar makulli. Na miƙa masa ba musu. Ya haye da ƙyar, yatsun ƙafarsa kawai ke shafar ƙasa. Ya miƙa hannu ya kamo kan, ya miƙa ƙafa neman giya, ƙafa ta tsaya a iska. Ya zamo gaba har ya hau tanki, ya samu giya, birki ya ɓace masa. Ya sauko yana haki.

"Dogo, mi ka yi mishi?"

Na ce gyara. Ya ce Allah ya isa tsakaninsa da mai walda.

Kwanan baya na bi ta wajen dillalin, don kawai in ji nawa babur ɗin zai yi yanzu bayan abin da ya ci. Ya zagaya shi, ya duba kujera, ya duba faifan ƙarfe, ya ɗaga guntun katakon ya ajiye. Ya ce a duk Maraɗi har Gidan Rumji mutum ɗaya ya sani da zai iya hawansa.

"In ka tashi saidawa ka faɗa mini, Malam. Ni ko in zo har gida in saida maka, ka ba ni la'ada biyu."